Tambaya da Amsa: Waɗanne Kaset Zan Nema wa Tsohuwar Sega?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kwashe kaya a ɗakin yayana a gidanmu na Tudun Wada, Gusau, sai na ci karo da tsohuwar na'urar gem ɗinsa, Sega Mega Drive, da hannuwan sarrafa wasa biyu, kuma da na jona ta da talabijin sai ta kama. Ina so yarana biyu su yi wasa da ita a wannan hutu. Waɗanne kaset ne suka cancanci nema a ɓangaren ƙwallo, da wasa ƙwaƙwalwa, da na faɗa? Daga wani mai karatu, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na'urar da ka tsinta ta fara fitowa a Jafan a 1988, ta isa Turai a 1990, kuma tun da hannuwa biyu gare ka da yara biyu, shawarata ita ce kada ka kashe kuɗinka sai a kan kaset ɗin da mutum biyu za su iya bugawa tare.

A ƙwallo, sunan da kowa zai fara kawo maka shi ne FIFA International Soccer na 1993, amma ni ba shi zan zaɓa ba. Duk wanda ya zauna a gidan gem a wancan zamani ya san lagonsa: idan ka tsayar da ɗan wasanka a gaban gola lokacin da zai buga ƙwallo, sai ta bugi jikin ɗan wasan naka ta dawo, ka zura ta a raga ba tare da wahala ba, haka kuma ɗan wasan da ya yi ƙeta yana iya ta gudu alƙali na bin sa da kati a hannu. Abin dariya ne a ranar farko, amma da zarar babban yaron ya gano wannan dabara, ƙaramin zai ajiye hannu ya tafi yana kuka. International Superstar Soccer Deluxe na kamfanin Konami, wanda ya zo kan wannan na'ura a 1996, ya fi shi daɗin sarrafawa nesa ba kusa ba, kuma akwai Najeriya a cikin ƙasashensa, ko da yake sunayen 'yan wasan ƙirƙirarru ne.

A wasa ƙwaƙwalwa akwai Columns na 1990, inda ake jera duwatsu uku masu launi ɗaya su ɓace, sai dai yana saurin gundura. Dr. Robotnik's Mean Bean Machine na 1993 ya fi dacewa da gasa, domin idan ka haɗa ƙwayoyi huɗu masu launi ɗaya suka fashe, faɗowar na samansu ta haifar da wata fashewar, tarkace ne za su zubo wa abokin karawarka har su toshe masa fili.

Na faɗa kuwa, Streets of Rage 2 na 1992 ba shi da na biyu, musamman saboda yaran za su haɗa kai ne su fuskanci abokan gaba maimakon su fuskanci juna. A cikin jaruman wasan, ka ba ƙaramin Skate mai saurin gudu, babban ya ɗauki Max mai ƙarfi. Mortal Kombat dai ban ga dacewarsa da yara ba.

Tambaya: Adaftar tawa Sega ta ƙone. Zan iya ara ta maƙwabcina? Daga wata mai karatu, Birnin Kebbi.

Amsa: Malama, ki fara duba ko na'urorin iri ɗaya ne, domin Mega Drive ta farko, mai ramin sa abin sauraro a gaba, da ta biyu ba sa amfani da adafta ɗaya, kuma yadda wuta ke shiga cikinsu ya saɓa. Ki kuma karanta rubutun da ke jikin adaftar, saboda wadda aka yi wa Amurka ko Jafan ba ta jure wutarmu mai ƙarfin bolt 230, kuma za ta iya ƙonewa da zarar an jona ta a bango.