Kan jirgin da Alhaji zai tuƙa shi kaɗai

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji saƙonka, kana tambaya wane ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska za ka saya, wanda za ka ja da mota kuma ka tuƙa kai kaɗai. To ni dai na gane inda ka dosa. Wancan mai ɗaki a ciki da ka turo hotonsa shi ya shiga ranka, so kake mu ce maka bismillah. Ni kam ba da bakina ba.

Tuƙin ba shi ne wahalar ba wallahi, wahalar tana bakin ruwa. Wa zai kama maka ka tsayar da doguwar sandar nan da ake ɗaura wa ƙyallen kama iska? Wa zai taya ka turawa? In ya kife, kuma sai ya kife, kai kaɗai za ka miƙar da shi. Shi ya sa na ce ka sayi ƙaramin jirgin nan Laser, wanda yanzu suke kira ILCA. Tsawonsa mita 4 da 'yan kai, gangar jikinsa wajen kilo 59, ƙyalle ɗaya tal. Hannu ɗaya a sandar juyawa, ɗaya a igiya, shi ke nan. In ya kwanta, ka hau allon nan da ke fitowa ta ƙasansa ka danna da nauyinka, sai ya tashi. Kai da ba ka da jiki ma kada ka ɗauki babban ƙyalle mai murabba'in mita 7, ɗauki matsakaicin da ake kira Radial, bai kai 6 ba.

Na san wani zai ce Hobie 16, jirgin nan mai gangar jiki biyu. Ee, yana da daɗi, yana gudu kamar me. Amma kilo wajen 145 ne, ƙyalle biyu, na mutum biyu ne. Ya kife maka a bakin hanyar da manyan jirage ke bi su shiga Apapa, ka gaya min yadda za ka yi.

Sannan ruwanmu na Legas, lagun ɗin nan, ba zurfi gare shi ba, wurare da yawa bai kai mita 2 ba. Jirgi mai kafaffen ƙarfe a ƙasa zai dinga cakewa a laka. Ga kainuwa in damina ta yi nisa, ta naɗe maka allo. Wanda ake zaro allonsa, ka ɗaga ka yaye ka wuce.

Amma tirela, Alhaji, tirela! Nan aka cuce ni. Mutumin da ya sayar min da tawa har rantsuwa ya yi min wai sabuwa ce fil. Ashe fenti ya shafa a kan tsatsa. Shekara da shekaru ana tsoma ta a ruwan gishiri, boris ɗin taya duk ya cinye. A kan gadar Third Mainland taya ta kama, ranar Asabar, a'a Lahadi ce, don na tuna daga ɗaurin aure na fito. Ni kaɗai, motoci na ta hon, 'yan danfo na zagina da Yarbanci, jirgi ya karkace. Na kira wanda ya sayar min, wai "ai ka duba kafin ka biya". Na duba me? Fenti? Har yau in mun haɗu a Agege sai ya washe baki ya miƙo min hannu, ko kunya. Kuɗin janwe kaɗai... kai, a bar maganar.

Ina nake ma? Yauwa. Ka ɗaga tayar da jak ka juya ta da hannu, in ka ji ƙara-ƙara ka tafi abinka. In ka samu wurin ajiya kusa da ruwa ma, irin wajen Lagos Yacht Club, kulob ɗin nan da ke nan tun 1932, ka huta da gosulo gaba ɗaya, ɗan keken hannu ya ishe ka.

Rigar kariya daga nutsewa dole, ba sai na faɗa ba. Ka zo Asabar da rana in iska ta taso, ka kifar da nawa sau biyu ka tayar, sannan mu yi maganar kuɗi. Ka taho da kayan canji.