Amsa ga ɗan'uwan da ya tambayi kyamarar hular kwano

Wa alaikumus salam Malam. Sannu da arziki, Allah Ya ƙara tsarewa. Na karanta abin da ka rubuta, cewa mota ta goge ka da madubi kana kan keke za ka aiki, direban ya rantse kai ne ka faɗo masa, yanzu kana neman kyamarar da za ka ɗaura a hular kwano, kuma kana tambaya ko lallai sai mai 4K, wato mai ɗaukar babban hoto mai tsabta sosai. Wallahi raina ya ɓaci, domin duk wanda ke taka keke a cunkoson safe ya san wannan ɗacin.

Abin da ya fi ciwo ba faɗuwar ba ce. Mutum yana ƙasa, gwiwa na jini, taya ta lanƙwashe, sai wanda ya buge shi ya fito yana ɗaga murya kamar shi aka zalunta. Jama'a su taru, babu wanda ya ga farkon abin, amma kowa na da hukunci. Mai mota yana da riga mai guga, mai keke yana da ƙura a jiki, sai a ce mai keke ya yi haƙuri. Haƙurin me? Wani ma ba zai tsaya ba, yana latsa waya ya wuce, bai san ya taɓa mutum ba. Ga mai adaidaita sahu da zai wuce ka, ya hango fasinja, ya yanke gabanka ya taka birki ba sigina ba komai. Irin waɗannan mutanen sun saba samun nasara ne saboda mai keke ba shi da shaida. To ka sayi kyamara don abu ɗaya: ta karanta lambar mota, kuma ta kasance a kunne lokacin da abin zai faru.

Maganar 4K, kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Da yawa daga masu araha hoton ƙarami suke ɗauka su buɗa shi, lambar mota ta fito kamar an shafa ta da yatsa. Abin da ke ɓata lamba shi ne motsi. Idan mota ta fi ka gudu da kilomita 30 a awa, tana cin kusan mita 8 a sakan ɗaya. Kyamarar da ke buɗe idonta kashi 1 cikin 30 na sakan, kafin ta rufe motar ta matsa kusan santimita 28. A kashi 1 cikin 500 kuwa ba ta kai santimita 2 ba. Shi ya sa 1080p, wato girman hoton da ke ƙasa da 4K, mai hoto 60 a sakan ya fi maka amfani da rana, domin kana da hotuna da yawa da za ka zaɓi mai kyau a ciki. Bayan magariba duk kyamara tana rage saurin buɗe idonta da rufewa don ta samu haske, ga fitilarka na haska lambar ta yi fari fat. Don haka ka saba da wannan: da zarar mota ta yi maka ganganci, karanta lambar da ƙarfi, da launin motar, makirfon ya ɗauka. Wannan dabarar ta fi saiti da yawa. Kuma ka rage faɗin hoton daga mafi faɗi zuwa matsakaici, saboda mafi faɗin yana ƙanƙanta lamba, yana kuma nuna motar da ta kusa taɓa ka kamar tana nesa, sai ya zama hujjar direba.

Batir kuma shi ne inda mutane ke kuka. Kyamarorin GoPro da DJI Osmo Action hotonsu na da kyau, amma batirin yawancinsu awa ɗaya zuwa biyu ne ko ɗan fiye, gwargwadon saiti, kuma a zafin watan Afrilu, kana tsaye a danja iska ba ta kaɗawa, 4K na iya sa kyamara ta yi zafi ta kashe kanta ba ka sani ba. Drift Ghost XL hotonta bai kai nasu ba, amma kamfanin ya ce tana kai awa 9 a 1080p, kuma doguwa ce da ke kwanciya a gefen hula. Lissafa lokacin zuwa da dawowarka, ka ƙara rabin hakan, kada ka sayi abin da bai kai ba. In za ka haɗa da fawa-bank a aljihu, ka sani ƙofar caji a buɗe tana shigar da ruwa da ƙura.

Don Allah kada ka huda hular. Kumfar cikinta aikinta ta murƙushe ta shanye bugu, ƙusa ko noti a wurin zai tara bugun a waje ɗaya a kanka. Yi amfani da maɗaurin da ke bi ta ramukan iska, ko maƙalin gam mai lanƙwasa: goge wurin da sifirit, danna sosai, ka bar shi awa 24 kafin ka hau. Maƙali ya zama wanda zai ɓalle idan ka faɗi, kuma kyamarar ta kwanta ƙasa-ƙasa, ban da dogon hannun nan da ke tsayawa kamar ƙaho. GoPro Hero 12 gram 154 ce, hular keke kuwa galibi gram 250 zuwa 300, ka ga an ƙara mata rabin nauyinta a sama, wuya zai faɗa maka, hular kuma za ta riƙa zamowa goshi idan igiyar haɓa ba ta ɗame ba. Insta360 GO 3 kusan gram 35 ce, sai dai idan ba a cikin akwatin cajinta take ba batirinta ba ya kai awa ɗaya.

Amfanin ɗaura kyamara a hula shi ne kyamara na kallon inda ka kalla, har fuskar direba. Illarta, ba ta ganin wanda ke taho maka ta baya, kuma nan ne tsoron yake. In aljihu zai ɗauka, ƙara ta baya a sandar sirdi, irin Cycliq Fly6 mai haɗe da jar fitila. In ba hali, ka sayi jar fitila mai ƙarfi da ƙaramin madubi tun kafin kyamarar, domin kyamara ba ta tare mota. Kuma ina roƙonka, kada kyamarar ta sa ka bin direba kuna musayar baƙar magana, akwai masu hali marar kyau, iyalinka na jiranka. A Birtaniya tun 2022 ƙa'idar hanya ta ce a ba mai keke aƙalla mita 1.5 idan za a wuce shi, kuma 'yan sanda na karɓar bidiyo ta intanet. Mu nan ko rabin mita a ba mu mun gode.

Saura memori, kada ka raina shi. Nemi wanda aka yi don ɗauka ba tsayawa, kamar SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance, mai alamar saurin ɗauka U3 ko V30, na 64GB ko 128GB. Jabu sun cika kasuwa: zai nuna 128GB, ya yi ta karɓa, ranar da kake buƙata fayil ya ƙi buɗewa. Gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw ranar da ka saya. 4K na iya cin 45GB a awa ɗaya, wani dalilin ke nan na tsayawa a 1080p. Kunna saitin da ke goge mafi tsufa idan memori ya cika, amma idan wani abu ya faru, kashe kyamarar nan take ka kwafe bidiyon, in ba haka ba za ta goge shaidarka da kanta. Saita kwanan wata da lokaci daidai, ka ajiye ainihin bidiyon ba yanka, da minti biyu kafin abin da biyu bayansa, kuma kada ka ɗora shi a Facebook kafin ka kai ƙara. Idan ka iso shingen jami'an tsaro ka kashe ta, ba ka neman wata rigimar. Lokacin hunturu kuma ka riƙa goge gilashin kowace safiya da ƙyalle mai laushi bayan ka hure ƙurar, in ka goge da ƙurar a kai zai karce.

Faɗa mana tsawon tafiyarka, da ko kana dawowa bayan magariba, sai mu ga wadda ta dace da kuɗin hannunka. Ita kuma hular da ka faɗi da ita, idan kanka ya taɓa ƙasa, canza ta ko da ba ka ga tsaga ba.