Kafin ka biya kuɗin haya, ka ga unguwar da dare

Tambaya: Assalamu alaikum. Dillali ya nuna mini ciki da falo a wata sabuwar unguwa a bayan garin Kano, kuɗin ya yi arha sosai. Ina da mata da yara uku. Yaya zan gane ko wurin yana da tsaro kafin in biya kuɗin shekara? Daga wani magidanci, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Arhar nan za ka fara bincika, domin mai gida ba ya karya farashi haka kawai, shi kuwa dillali la'adarsa yake nema.

Ka je unguwar sau uku ba tare da shi ba: da hantsi, bayan isha'i, da asuba. Da rana kusan kowace unguwa lafiya lau take. Bayan isha'i ka duba, mai shayi da mai tsire da mai kemis suna nan, ko tun magariba suka kulle? Masu sana'ar dare su ake fara yi wa ƙwace, su ne kuma ke fara tashi. Da asuba ka yi salla a masallacin layin. Idan gidaje cike suke da magidanta amma sahu ɗaya bai cika ba, ka tambayi liman dalili, domin inda ƙwacen waya ya yi ƙamari mutane kan ji tsoron fita cikin duhu.

Wajen ƙarfe 9 na dare ka tsayar da masu adaidaita sahu a bakin titi, ka ce su kai ka layin. Idan biyu ko uku suka ƙi, ko suka ninka kuɗi alhali hanyar tana da kyau, to akwai abin da suka sani.

Da hantsi kuma ka leƙa kangayen da ke kusa. Idan ka ga kwalaben kodin (wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi tun 2018), gwangwanayen sholisho da guntayen wiwi, matattarar 'yan shaye-shaye ce, kuma faɗan daba ba ya nisa da irin wannan wuri. Ka lura ko ta nan yaranka za su bi zuwa Islamiyya.

Ƙofar ƙarfe a bakin lungu ba lallai mugun abu ba ce. Sau da yawa tana nuna jama'ar sun haɗa kai. Ka tambayi mai unguwa ƙarfe nawa ake kulle ta, nawa kowane gida ke biyan 'yan sintiri a wata, kuma ko ofishin 'yan sanda na yankin ya san da su.

Sannan ka bar maiɗakinka ta shiga gidaje biyu na maƙwabta ta gaishe su. Abin da maza za su ɓoye maka don kunyar mai gidan, mata za su faɗa mata, har da dalilin tashin wanda ya zauna a gidan kafin ku.