Manhajar da ChatGPT ya rubuta min tana aiki, in zuba fasfon mutane a ciki?

TAMBAYA: Salam Malam, ina Makka wajen Shara Mansur, ina taya kawuna aiki a ofishinsa na masu Umara. Na sa ChatGPT ya rubuta min ƴar manhaja ta ajiye sunaye da lambar fasfo da lissafin kuɗi, kuma wallahi tana aiki tsaf, amma abokina ya ce kar in kuskura. Hassada ce ko gaskiyarsa?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiyarsa ce. Ai tana aiki daban, tana da tsaro daban, ƙofa ma tana buɗuwa ta rufu ko babu kwaɗo a jikinta. A 2021 masu bincike a Jami'ar New York sun gwada GitHub Copilot, wani AI mai rubuta manhaja kamar ChatGPT, kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ya rubuta akwai kafar da ɗan kutse zai bi. A 2022 kuma na Stanford suka gano waɗanda AI ya taya rubuta manhaja sun fi yin kuskuren tsaro, kuma su ne suka fi yarda cewa aikinsu lafiya lau yake, to ka ga inda kake tsaye kenan.

Abin da ya fi damuna fasfon nan ne. Amanar mutane ce, kuma Saudiyya na da dokar kare bayanan mutane da hukumar SDAIA ke kula da ita, tun Satumba 2024 aka fara aiki da ita gadan-gadan, in bayanan suka fita kawunka za a nema, ba ChatGPT ba. Kuma don Allah kar ka riƙa kwafo bayanan gaske kana liƙa masa wai ya gyara, Samsung ma sai da ya hana ma'aikatansa amfani da shi a 2023 saboda irin haka.

Gwada ta da mugunta. Bar gurbin suna fanko, saka suna da Larabci, rubuta harafi a wajen kuɗi ka ga me za ta yi. Duba harajin VAT na Saudiyya da ta saka, 15 ne cikin 100 tun Yulin 2020, ba 5 na da ba. Kwanan watan Hijira ma ka gwada shi da kalandar Ummul Ƙura, don kwana ɗaya ya goce a lissafin biza ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Sannan buɗe rubutun manhajar ka duba ko kalmar sirrinka na zaune a fili, ChatGPT yana yawan yin haka.

Ci gaba da koyo da ita, da sunayen bogi. Amma kafin fasfo ko ɗaya ya shiga, kawu ya biya wanda ya san aikin ya karanta ta layi-layi.