Kafin ka yanka wayar fitila

Kace kana so ka ƙara ma mota fitilar hazo ka kuma gyara ta gaba da take ɗaukewa, wai ka ga wani hoto a intanet da ya nuna jar waya ce ta wuta, shine kake tambaya ko ka bi shi. To tsaya tukuna yaro, hoton nan na wace mota ne, ta wace shekara? Mota iri ɗaya ma sai kaga an canja kalar waya daga wannan shekara zuwa waccan, balle wadda aka ƙera don Amurka da wadda aka ƙera don Turai.

Fara da abinda ke hannunka. Buɗe murfin akwatin fiyus, yawanci akwai zane a cikinsa da ke nuna fiyus da rilay (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa) na kowace fitila, littafin motar ma yana da shi. In cikakken zanen wayarin kake so sai ka kwafi lambar shasi, harafi da lamba 17 ce, da ita zaka san ainihin motar, sannan ka nemi littafin gyara na kamfanin ko irin na Haynes. Motocin Jamus da sauƙi, lamba suke sawa, 30 wuta ce kai tsaye daga batir, 15 sai an kunna makulli, 31 as ne, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, kuma wayarsa ruwan ƙasa ce, 56a ful, 56b dim. Toyota kuwa as ɗinta fara ce mai baƙin layi.

Amma ko zanen ya faɗa, sa mita ka gani da idonka, dan baka san hannu nawa suka taɓa motar kafin kai ba. Ni na taɓa kwance tef na tarar waya uku an murɗe su wuri ɗaya ba wadda kalarta ta dace da zane.

Fitilar hazon kuma kar ka kuskura ka ɗora ta kan wayar dim, ƙwai biyu masu wat 55 sun kai amp 9, siririyar wayar nan zafi zata yi. Jawo wutarka daga batir, fiyus mai amp 15, shuɗin nan, kusa da kan batir, ka kai ƙafa 30 ta rilay, 87 ta tafi fitila, 85 da 86 na makunni da as. Duk soket mai ruwan ɗorawa ka bar shi, na jakar iska ce, haka wayoyi biyun nan da aka murɗa tare kamar igiya, na kwamfutar mota ne, testa mai ƙwai ma kar ka sa musu.

Ita mai ɗaukewar, kwance as ɗinta ka kankare tsatsa tukun kafin ka zargi ƙwai, kuma cire kan nagetif na batir kafin ka ɗauki filaya.