Bargo uku ban daina jin sanyi ba: yaya zan gyara ɗakin tamfol na bayan mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman rani a wajen Auyo, kuma a gona nake kwana don gadin injin ban-ruwa. Na sa mai walda ya yi mini ɗan ɗaki a bayan a-kori-kura: bangonsa tamfol ne mai naɗewa, taga biyu, gadon kuma falanki ne da ake jawowa ya leƙo waje. Da hunturu ko na rufa da bargo uku sai na farka ina rawar ɗari, da bazara kuma ciki kamar tanda. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi bargo na huɗu, leƙa ƙarƙashin gadon nan. Ta nan sanyin yake cinka.

Gadon da ya leƙo waje, iska ce ke wucewa ƙarƙashinsa dare farai, ga shi kana bakin fadama. A watan Disamba da Janairu sanyin asuba a yankinmu yakan sauko wajen digiri 12, wani dare ma ya yi ƙasa da haka. Abin da ke riƙe ɗumi kuwa iska ce da aka tsare ta kasa motsi. Bargon da ka rufa da shi yana da ita a cikin zarensa. Wanda ka kwanta a kai, nauyinka ya riga ya matse ta ta fita, sai falanki ya yi ta zuƙar ɗumin bayanka. Don haka nemi abin da ba ya lotsewa. Farin soson nan mai tauri da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin ya fi komai, idan ka samu mai kaurin yatsa biyu. Jera shi a kan falankin, ka ɗora tabarmar kaba, sannan katifa. In ba ka samu ba, kwali ninki huɗu ko biyar zai yi, haka ma buzu. Tsofaffinmu da ke kwana a kan buzu sun san abin da suke yi.

Katifar dai ka riƙa ɗaga ta kana shanyawa lokaci-lokaci. Gumin jiki yana ratsa ta ya taru a ƙasa, ba ka ankara ba funfuna ta kama.

Batun taga mai sauƙi ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, saboda haka juya motar yadda kanta zai tare iskar, kada taga ta fuskance ta. Tela ya ɗinka maka murfi na tsohon bargo, ya fi tagar faɗi da kamar taƙi guda kowane gefe, mai igiyar ɗaurewa ta ciki. Kafar da ke tsakanin tamfol da ƙarfe kuma ka cusa mata tsumma. Amma bar 'yar ƙofa a sama, ko da faɗin tafin hannu ce. In ka toshe ko'ina, numfashinka zai zama raɓa a jikin tamfol ya ɗigo maka kafin kiran assalatu.

Na san ba ka ambaci garwashi ba, amma na san mutanenmu. Kada ka shiga da kaskon wuta cikin ɗakin nan, ko da ya daina hayaƙi. Gawayi yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya jin shigarta, sai dai a wayi gari a tarar da gawa. Salansar mota da ta injin ban-ruwa ma ita suke fitarwa, don haka injin ya yi nesa da makwancinka. Ga shi farin soson nan da tamfol ba sa wasa da wuta. In kana son ɗumi, zuba ruwan zafi a jarka mai murfi mai kyau, naɗe ta a zani, ka ajiye wajen ƙafafunka.

Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, daga sama matsalar take. Tamfol, musamman mai duhu, yana shan rana ya juye maka ita a ka. Yi masa rumfa ta biyu da zana ko asabari, ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu don iska ta ratsa. In ka ɗora zanar kai tsaye a kan tamfol, rabin aikin ka yi. Ledar nan mai ƙyalli da direbobi ke sawa a gilashin gaba tana da amfani a tagar da rana ke duka: ƙyallin ya kalli waje, kuma ka riƙa goge ta, don ƙura na dushe ta. Ɗaya tagar kuma, ta gefen da iska ke shigowa, rataya mata jiƙaƙƙen buhun algarara a bayan ragar sauro. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka zai sanyaya iskar. Wannan dabara ta Maris da Afrilu ce, lokacin da iska ta bushe ƙayau. Da zarar hadari ya fara haɗowa, cire buhun, don damshi kawai zai ƙara maka.