Ga ƙanena mai fama da rashin barci: ka fara da gyara safiyarka

Wa'alaikumus salam ƙanena, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta bayaninka: wata 4 ke nan kana hawa gado da ƙarfe 10 amma idonka biyu har 2 ko 3 na dare, in ka yi sallar asuba sai ka koma ka rama har hantsi, Piriton ya daina kama ka, yanzu kuma mai kemis ya ba ka wata 'yar ƙwaya da kake tsoron ka saba da ita. Ni ba likita ba ne, tela ne a nan Tudun Wada, amma na sha wannan wahalar kuma Allah ya fid da ni, to ga abin da na sani.

Na ga wasu sun ce ka sha madara da zuma, wasu sun ce na'a-na'a. Ka sha abinka, ba za su cuce ka ba. Sai dai kowa dare yake kallo, ni kuwa safiyarka ce ta tsaya mini a rai. Barcin nan da kake yi daga asuba zuwa ƙarfe 10 shi ne yake cinye maka na dare. Tun daga lokacin da mutum ya farka akwai wani sinadari da yake taruwa a ƙwaƙwalwa, adenosin ake ce masa. Yawansa ne yake sa ido ya yi nauyi, barci kuma shi yake share shi. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, ka ga ke nan sai ya yi wajen awa 16 a farke kafin jiki ya nemi kwanciya da gaske. To kai da ka tashi 10 na safe, ƙirga awa 16 ka ga inda za ta kai ka. Ƙarfe 2 na dare, daidai lokacin da ka ce barci yake ɗaukarka. Barcin naka yana nan, gurbinsa ne ya matsa.

Ni ɗinkin sallah ne ya jawo mini. Duk wanda ya san shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san yadda ake yi: keke ba ya tsayawa sai sahur, goro a kunci, yaro yana ta safa da marwa tsakaninmu da mai shayi, a ce masa a zuba Nescafe ya ji. Aka yi sallah, kowa ya kwashi kayansa, amma barci ya ƙi komawa mazauninsa. Har babbar sallah ta zo ta wuce ina nan ina juyi a kan katifa, ina jin carar zakaran maƙwabta da kiran assalatu duk a kunnena. Da rana kuwa sai in auna mutum, kafin in ɗauko alli na manta awon.

Da na je asibiti na ɗauka allura za a yi mini. Likitan ya auna jinina da suga, ya yi ta tambayoyi, sannan ya ce in riƙa rubuta lokacin da na kwanta da lokacin da na tashi da duk abin da na sha. Da ya duba takardar sai ya yanke mini sharaɗi. In tsai da lokacin tashi guda ɗaya, wato asuba, ko da barcin awa 3 na samu kada in koma. In gari ya waye in fita in sha haske, domin hasken safiya ne yake saita agogon jiki. Da dare kuma kada in hau gado don agogo ya ce lokaci ya yi, sai in ido ya yi nauyi, ko da 12 ce.

Ba zan ɓoye maka ba, kwanakin farko azaba ne. Hamma a kan keke, kai kamar an ɗora dutse, abu kaɗan ka hau yaran shago da faɗa. A nan yawancin mutane suke sarewa su ce ba ya aiki. Amma in ka daure, wata rana za ka ga sha biyu ba ta yi ba kana gyangyaɗi, daga nan sai ka riƙa matso da kwanciyar baya kaɗan-kaɗan, minti 15 ko 20 duk bayan 'yan kwanaki. In ka kasa kai dare, ƙailula bayan azahar ta minti 20 zuwa 30 ta isa, ka sa a tashe ka. Bayan la'asar kam ko kishingiɗa kada ka yi. Sai dai in tuƙi ne sana'arka, mota ko acaɓa ko Keke Napep, ko kana aiki da inji mai yanka, ko kana da farfaɗiya, kada ka taƙaita wa kanka barci haka sai ka ga likita tukuna.

Abu na biyu da ya fi yi mini amfani shi ne daina kokawa da gado. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da ake zaune ana dakonsa. Ka kwanta kana duba waya kana lissafi, saura awa 4, saura awa 3, gobe na shiga uku, wannan fargabar kaɗai ta isa ta kore shi. In aka daɗe a haka sai jiki ya haɗa gado da damuwa, shi ya sa za ka ga mutum yana gyangyaɗi a zaure, yana shiga ɗaki ido ya bushe ƙarau. In ka kwanta kamar minti 20 shiru, tashi. Ni tabarma nake shimfiɗawa a tsakar gida, ban kunna fitila mai haske ba, in ɗauki carbi in yi ta ja a hankali. In hamma ta zo in koma. In ta sake ƙi in sake fitowa. Agogon ma juya masa fuska na yi.

Sai abin da kake sha. Goro, shayi, Nescafe, baƙin lemon kwalba da waɗannan lemukan ƙara kuzari duk suna da kafeyin, shi kuwa aikinsa toshe saƙon adenosin ɗin nan ne. Yana ɗaukar kamar awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jiki, saboda haka shayin da ka sha bayan magariba yana nan tare da kai tsakar dare. Ni daga azahar na rufe. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, Panadol Extra ma akwai kafeyin a ciki. Rashin barci ya sa ka ciwon kai, ka sha biyu da dare, ka ƙara wa kanka aiki. Shan sigari ma yana hana barci, in kana sha.

Batun waya da hirar dare ba sai na tsawaita ba, ka sani. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin isha da hira bayanta. Mu kuwa bayan isha ne majalisa take cika, ko a tafi gidan kallon ƙwallo a tashi wajen 10 ko 11 ana musu, jini ya hau, sannan a dawo a buɗe Facebook. Ka yi alwala, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ka shafa, ka kwanta ta dama, wayar kuma a bar ta can inda hannu ba ya kaiwa. In tunanin bashi ko kuɗin makarantar yara ne yake taso maka, ka zauna da shi tun da yamma ka rubuta abin da za ka yi gobe. Ni a bayan littafin awo nake rubutawa.

Zafi ma yana taka rawa. A watan Maris da Afrilu, ɗakin kwano a garin nan in babu wuta sai addu'a, jiki kuwa sai ya ɗan huce barci yake shiga. Ka watsa ruwa kafin ka kwanta, in da hali ka ɗaura gidan sauro a waje.

Ƙwayar da ka ce an ba ka ita ta fi damuna. Ka duba sunanta a jikin kwalin ko takardar. In diazepam ce, wadda ake ce wa D5 ko Valium, ko kuwa Lexotan, to waɗannan ba na sha kullum ba ne. Jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, ɗaya ta koma biyu, ranar da babu kuma ido ya ƙi rufuwa sam. In ka riga ka ɗauki makonni kana sha kada ka yanke rana ɗaya, hakan yana iya kawo karkarwa har da jijjiga, likita ne zai rage maka a hankali. Maganin tari mai kodin kuwa ko kusa kada wani ya kai ka.

A ƙa'idar likitoci, rashin barcin da ya kai dare 3 a mako har tsawon wata 3 ya zama ciwon da ake zuwa asibiti dominsa, kai kuma ka wuce nan. Asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, a Kaduna ma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Na san abin da mutanenmu suke cewa in an ji ka je can, ka toshe kunnenka, rashin barci da damuwa aikinsu ne na yau da kullum. Kafin ka tafi ka tambayi iyalinka ko kana minshari mai ƙarfi, ko numfashinka yana ɗaukewa ka farka a firgice, don wannan ciwo ne daban kuma yana tafiya da hawan jini. Ka gaya wa likitan in fitsari yana yawan tashinka, a duba suga. In kuma kana jin komai ya fita daga ranka, abinci ba daɗi, ba ka son shiga mutane, wannan ma ka faɗa masa kai tsaye. Ka riƙe sauran ƙwayar a aljihu ka nuna masa, tare da takardar da ka rubuta lokutan kwanciya da tashinka.